Motar da Ta Tsaya a Haguna

Da sunan Allah na fara wannan babi, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Nana da Laminu, na sha jin kuna ba mutane labarin yadda na bar tuƙi, kuma kullum wuri ɗaya labarin ke tsayawa: wai mahaifiyarku ce ta karɓe min makulli. Kun faɗa kun maimaita har jikokina sun ɗauka. To, ba haka aka yi ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai kun yi haƙuri da ni, don ba zan isa ga makullin ba sai na bi ta kan tsofaffin motoci, abin nan da kuke yi min dariya a kansa tun kuna ƙanana.

Na tashi a Damagaram a zamanin da Turawa ke keto hamada da tsofaffin motocinsu, su biyo ta Agadas su zo su sayar, su koma gida a jirgin sama. Zauren da mahaifina ke karantarwa yana bakin babbar hanya. Muna zaune kanmu a sunkuye kan allo, ba mai ikon ɗaga kai, ga kuma motoci suna wucewa ta ƙofa. A nan na koyi kallo da wutsiyar ido. Bakina na kan karatu, idona na kan baƙi, amma gefen idon yana bakin ƙofa, kuma kafin mota ta gama gilmawa na san ko wace ce. Wanda bai san abin ba yana tsammanin tambari ake dubawa. Tambari shi ne na ƙarshe. Kafaɗa ake fara gani, da yadda rufi ya gangara, da inda fitilun baya suka zauna. Da sunayensu na Faransanci muke kiransu. Kat-san-turwa kafaɗunta a dunƙule suke. Ƙanwarta kat-san-kat kuwa bayanta ya yi tsini biyu kamar kunnuwan jaki. De-san-turwa, babbar yayarsu, bayanta ya zubo kamar na kunkuru. De'es ita ba a rikita ta da komai: in tana ajiye a kwance take, cikinta kusan a ƙasa, sai an tayar da inji ta miƙe a hankali kamar raƙumi. Wata rana, ina saurayi, na ga wata 'yar mota mai ƙofa biyu a gaban gidan wani likita Bature. Ƙasa-ƙasa take, idanunta a bayan gilashi, wani zaren farin ƙarfe ya zagaye ta kamar ɗamara, injinta yana ƙara irin ta keken ɗinki. Direban likitan ya ce min sunanta Ashirin-da-huɗu, kuma masu ƙera ta ba su ƙara fitar da wata motar shiga ba bayanta. Ban sake ganin irinta a ƙasarmu ba.

Da Allah ya kawo ni Faransa, na samu aiki wurin Alhaji Hamadu, mutumin Garwa, mai siton atamfa da shadda a Aubervilliers. Aikina in loda diloli a kamyonet, ƙaramar motar kaya, in kai wa masu kantuna a Lyon, in kwana, in dawo. Na yi shekaru masu yawa a kan wannan hanya ban taɓa goge fentin kowa ba, alhamdu lillahi, kuma da ita aka ciyar da ku, da ita aka sa ku karatun lakwal. Hanya ce doguwa mai sa gyangyaɗi. Abu biyu ke riƙe min ido a kanta: zikiri da neman tsofaffin motoci. Nan ce ƙasarsu, amma sun yi wuya, sai a bayan wata gona ko a bakin wani garaji ka hango ɗaya, ko kuma ranar Lahadi ka ga wani tsoho ya fiddo tasa yana shan iska da fitilunta masu ruwan ɗorawa.

A Saint-Fons nake kwana, unguwar masana'antu da ke ƙasan Lyon, inda iska kanta warin sinadari take. Wata Juma'a na fito daga masallaci na ga wani dogon mutum tsaye da takalmi a hannu, yana kallon wata baƙar mota a tsallaken titi. Na tsaya kusa da shi.

"Turaksiyo ce," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Doguwar."

Na ce, "Gajerar dai. Dubi ƙofar baya yadda ta matse da taya."

Ya sunkuya ya duba, ya miƙe, sannan ya sa takalminsa ya ba ni hannu muka gaisa.

Wannan shi ne Malam Abakar, baffanku na Lyon, mutumin Anjamena, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kamfanin sinadarai. Tun ranar gidansa ya zama masaukina. Abin dariya a lamarinsa shi ne, duk son motar nan da yake yi, bai taɓa riƙe sitiyari ba. A bas yake tafiya aiki, kusa da taga. In na zolaye shi sai ya ce mai tuƙi mota ɗaya yake gani, wadda ke gabansa, shi kuwa duk na titi nasa ne. Muka mai da abin wasa tsakaninmu, har muka yi masa ƙa'idoji. In ka ce ka ga mota, sai ka kawo alamominta, ba suna kawai ba. Ba a rantsuwa da Allah a kan mota. In kuma muna tare, motar da ta fito ta gefenka taka ce, ɗan'uwanka zai kama bakinsa har sai ka kira sunanta ko ta wuce ka. Wannan ta ƙarshe ladabi muka ɗauke ta. Ashirin-da-huɗu kuwa shi a hoto kawai ya santa, kuma yakan ce tunda ba ni da shaida, ta Damagaram ɗin nan a mafarki na gan ta.

Shekarar da nake son ba ku labari, ke Nana kina tsakiyar karatun lauya, kai Laminu ka shiga jami'a ke nan, ni kuma saura 'yan shekaru in kai ga cikakkiyar ritaya. Da sanyi ya wuce, lokacin da masu tsofaffin motoci ke buɗe garaji, sai na lura ina zuwa Lyon in dawo hannu wofi, ban ga ko ɗaya ba. Tafiya ɗaya, tafiya biyu, ba ni da abin faɗa wa Malam Abakar. Na nemi dalili na samu, don a lokacin ana ta maganar hana motoci masu hayaƙi shiga birane. Na kira shi a waya, bayan mun gaisa na ce:

"Malam Abakar, motocinmu sun ƙare. Dokar hayaƙin nan ta kore su."

"Sun ƙare a ina? Ni da nake tagar bas jiya na ga biyu. Kai da ke bisa babbar hanya ka ce sun ƙare? Ko dai barci kake kana tuƙi?"

Muka yi dariya. Amma da na ajiye wayar, dariyar ba ta zauna min ba. Duk bazarar nan na yi ta ina juya maganar. Ina gani sarai. Ina karanta allunan hanya tun daga nesa, ina karanta Alƙur'anina mai ƙananan baƙaƙe. To me zan je in ce wa likita? In ce masa tsofaffin motoci sun daina zuwa wurina?

Da farkon sanyi akan yi wani babban taro na tsofaffin motoci a Lyon, kuma washegarin tashinsa hanyar Paris takan cika da masu komawa gida. A shekarar an yi wa ɗan Malam Abakar haihuwa a Sevran, sai ya ce zai bi ni ya je ya ga jika, kuma da gangan ya zaɓi wannan ranar. Muka tashi bayan hantsi, kamyonet ba kaya, shi a dama da jakar dabino a cinya. Ba mu yi nisa ba ya fara kira. Ga wata a wurin shan mai, ga wata an ɗora a tirela, ga 'yar motar nan dushebo can tana hawan tudu da ƙyar. Duk ta gefensa, duk nasa. Ni kuwa sai mota ta riga ta wuce ni ta shiga gabana sannan in gan ta, in kira sunanta daga baya kamar mai gaida wanda ya riga ya juya. Ya zolaye ni a farko. Daga baya na ji zolayar ta ragu.

Mun wuce gonakin inabi sai na tarar da wata babbar mota tana jan jiki a gabana. Na dubi madubin hagu, ba kowa. Na ɗan karkata kai kamar yadda na saba, ba kowa. Na kunna fitilar juyawa na fara fita. Sai na ji wani siririn oda a daidai kunnena, da hannun Malam Abakar a kan sitiyari yana fizgo shi dama.

"Koma!"

Na koma. Kamyonet ta yi tangal-tangal ta daidaita. Sai ga wata 'yar mota ruwan ganyen albasa ta fito daga haguna, tayoyinta biyu a kan farin layin bakin katanga. Na ga zaren farin ƙarfe ya zagaye ta kamar ɗamara. Na ji keken ɗinkin nan. A ciki wani tsoho da matarsa, matar ta juyo tana kallona, tafin hannunta a kan bakinta. Ashirin-da-huɗu ce. Motar da na yi rabin rayuwata ina nema, ranar da Allah ya kawo min ita har bakin ƙofata, saura kaɗan in matse ta da katanga da mutanen cikinta.

Muka ci gaba da tafiya. Can Malam Abakar ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Tun daga gadar can take jere da kai. Na yi shiru don gefenka ne. Na ɗauka ja min rai kake yi."

Na ce, "Motar ƙasa-ƙasa ce, kamyonet kuma tana da tsayi. Ta shige ƙarƙashin madubi."

"Ni da nake nan nesa na ga rufinta ta tagarka, Malam Sanusi."

Na shiga wurin hutawa na farko da muka tarar. Muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Da muka sallame, ya kama hannun rigata ya ja ni zuwa inda masu dawowa daga taron suka jera motocinsu suna shan kofi. Ya tsayar da ni nesa kaɗan da su.

"Dubi jar can da ke gabanka. Kada ka motsa kai. Wace ce?"

"Kat-shebo. Inji a baya, ga tsagogin iska a murfinsa."

"To me ke gefenta na dama?"

"Kat-san-kat, mai buɗaɗɗen rufi."

"Hagunta fa?"

Na ce, "Ba komai. Ciyawa ce da shinge."

Ya ce in duba. Na juya kaina. Turaksiyo ce baƙa, doguwar wannan karon, tsawonta kamar kwalekwale, har da mutane biyu tsaye a jikinta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba duhu na gani a wurin ba. Da duhu ne da na san da shi tun tuni. Ciyawa na gani, da shinge, wuri fes. Idona ya share mota guda da mutanenta ya shimfiɗa ciyawa a madadinsu, bai kuma gaya min ba.

Malam Abakar bai iya tuƙi ba, don haka ni na ƙarasa da mu. Na lafe a layin dama bayan wata babbar mota, ban ƙara wuce kowa ba har Paris, ina juya kai gaba ɗaya kamar mujiya duk inda hanya ta haɗu da wata. Tsofaffin motoci suka yi ta wuce mu, ba wanda ya ƙara kiran ko ɗaya. Da zai sauka a Sevran ya riƙe ƙofa ya ce:

"Da na yi magana tun a gada. Allah ya yafe mana wannan wasan."

Na ce, "Wasan ne ya nuna min. Ka gai da mai jego."

A ranar na gaya wa mahaifiyarku, tun ban cire takalmi ba. Tana tsaye a kicin tana tankaɗe. Na zaci za ta firgita. Sai ta ajiye rariya ta goge hannu a zane.

"Malam, na daɗe da sani."

"Kin san me?"

"Kofin da na ajiye maka a hagu, ko ka ture shi ko ya huce ba ka taɓa ba. Na koma ajiyewa a dama. Kafaɗarka kullum sai ta bugi bakin ƙofar bayi. Kuma matar Malam Idi ta ce min mijinta ya miƙo maka hannu bayan sallama a masallaci ka ƙi karɓa, har suna cewa ko ka fara jin kai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ce ko gajiya ce. Kuma ina tsoron in faɗa ya tabbata."

Kun san yadda ganin likitan ido yake a ƙasar nan, ba a samunsa da wuri. Na karɓi hutuna na shekara na zauna jira. Ban taɓa zaman da ya fi wannan tsawo ba. Nakan fita in tsaya a bakin titi, in kafe idona kan wani allo, in ƙirga a zuci motocin da kunnena ya ji, in gwada da waɗanda idona ya kama. Wata rana in ce da sauƙi, wata rana in dawo gida ba na iya cin abinci. Nakan rufe ido ɗaya, in buɗe, in rufe ɗayan, har mahaifiyarku ta ce in bari kada in ƙarasa su. A sujada na roƙi abu biyu waɗanda ba su jituwa: Allah ya bar min aikina, Allah kuma kada ya sa ran wani a wuyana.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta sa na tura fuskata cikin wani abu kamar farar ƙwarya, ta ba ni maɓalli a hannu, ta ce in kafe ido a tsakiya, duk lokacin da na ga ɗigon haske ya gilma ta gefe in danna. Har na yi murmushi a raina, don wannan shi ne aikin da nake yi tun a zauren mahaifina. Na danna, na danna. Sannan aka yi dogon shiru, ina jira, har na ce mata ko injin ya tsaya.

Ta ce, "Bai tsaya ba, Monsieur. Ci gaba."

Da aka gama ta gaya min ciwon hawan ruwan ido ne, wanda ke cin gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba. Idon hagu ya tafi da yawa, na dama ma ya fara, shi ya sa ɗaya bai iya rufa wa ɗaya asiri. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma maganin ɗigawa zai iya riƙe saura. Na tambaye ta abin da ya kawo ni.

"Tuƙi fa?"

"Shawarata ka bari. Amma ni ba ni da ikon karɓe takardarka ta tuƙi, ba ni kuma da ikon gaya wa mai gidan aikinka. Sirrinka ne. Kai za ka yanke."

Da ta karɓe takardar da ta yi min alheri. Na fito da ita a aljihu, lafiyarta lau, da hotona a jiki.

Ranar Lahadi muka zauna cin abinci na gaya muku ido ya yi rauni, likita ta ba da magani, ta ce zaɓi nawa ne. Ban iya kwatanta muku ciyawar nan da shinge ba, don ban san yadda ake faɗa wa 'ya'ya irin wannan ba. Ku kuma abin da kuka ji shi ne likita ba ta hana ba. Kai Laminu ka ajiye cokali ka ce:

"Amma Baba, ka fi duk direbobin hanyar nan. A ƙara maka ƙaramin madubi, akwai ma na'urar da ke ƙara in mota na gefenka. Ni zan saka maka."

Ke Nana kika ce, "In doka ba ta hana ba, Baba, ba wanda zai kama ka da laifi. Shekarun da suka rage ba su da yawa."

Ban ga laifinku ba a ranar, ban kuma gani ba yau. Kun san abin da ajiye aikin zai jawo, ni ma na sani. Mahaifiyarku ba ta ce komai ba, ta tashi tana kwashe kwanuka. Da yamma Alhaji Hamadu ya kira, ya ce kayan ƙarshen shekara sun iso, masu kantunan Lyon sun dame shi, yaushe zan dawo. Na ji bakina ya ce masa Talata. Na gaya wa kaina tafiya ɗaya ce, in gwada, zan lafe a dama kamar yadda na yi ranar nan, ai na iso lafiya. Na yi istihara ban ga komai ba sai nauyin ƙirji. Mahaifiyarku ta haɗa min guzuri kamar kullum, ta sa shi a jaka, ta ce Allah ya tsare. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Talata bayan asuba na isa sito. An riga an loda, diloli har rufi. Na shiga, na yi addu'ar hawa, na tayar da inji, na gangaro har bakin babbar ƙofa, inda zan karya hagu in hau titi. Gari ya waye sarai. Na tsaya na dubi gabana. Titi fes, bangon tsallake, da bakin hanya wofi a haguna. Ƙafata har ta fara sakin birki. Sai na ce wa kaina, Sanusi, abin da kake gani a hagun nan, ganinsa kake ko shimfiɗa maka aka yi? Na taka birki sosai, na juya kaina gaba ɗaya.

Wata tsohuwar mota ce, katirel, ruwan ƙwai, ta mai gadin siton da ke maƙwabtaka da mu, wani dattijo ɗan Aljeriya da muke gaisawa. Ya ajiye ta dab da ƙofarmu, ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta yana ɗaure wani abu. Ƙafafunsa biyu a miƙe suke a kan kwalta, da safa mai ratsi, daidai inda tayata ta gaba za ta bi. Bai ma san ina nan ba. Yana ta 'yar waƙarsa.

Na kashe inji. Na daɗe zaune, hannuwana a cinya, ina kallon safar nan. Sannan na zare makulli na koma ciki. Alhaji Hamadu yana tsaye da kofin shayi.

"Lafiya, Malam Sanusi? Mota ce ta ƙi?"

"Mota lafiya lau, Alhaji. Ni ne. Ga amanarka."

Na gaya masa komai a tsaye. Ya yi salati, ya ce kaya fa, sannan ya ji kunyar abin da ya faɗa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sa aka fiddo masa kamyonet daga bakin ƙofa. Mutumin kirki ne, daga baya ya ba ni zaman sito na rabin rana. Amma rabin rana ba hanyar Lyon ba ce, kuma kun san abin da ya biyo baya fiye da ni. Muka bar gidan Aubervilliers muka koma ƙaramin nan na Sevran. Ke Nana kika ajiye karatu kika tsaya bayan kantar wani shago, ƙawayenki suka wuce ki, sai daga baya kika koma kika ƙarasa. Kai Laminu ka yi ta rabon kaya a keke cikin sanyi bayan darasi. Ban manta ko ɗaya ba.

A ranar dai na taka da ƙafa zuwa gida da jakar guzurina ban buɗe ba. Mahaifiyarku ta buɗe ƙofa ta gan ni da hantsi, ta dubi jakar, ta dubi hannuna. Ta karɓi jakar ta ce in shigo shayi bai huce ba. Da yamma kuka dawo kuka same ni zaune a falo, ranar da ya kamata in kasance a Saint-Fons. Kafin in buɗe baki ta fito daga kicin ta tsaya a tsakaninmu.

"Ni na ce ya ajiye. Ba zai ƙara hawa hanyar nan ba in dai ina gidan nan. Wanda ke da magana ya yi da ni."

Kuka yi da ita kuwa. Na ce muku ba haka ba ne, amma ta fi ni murya, ku kuma kun riga kun sami inda za ku sauke fushinku. Da kuka shige ɗaki na ce mata:

"Rabi, me ya kai ki? Ke da ba ki ce komai ba."

Tana ninke sallaya, ba ta dube ni ba.

"Su ji haushina ya fi min sauƙi, Malam, da su fara riƙe maka hannu a titi tun yanzu. Ka bar su su ɗauka ubansu na iya wa hanya, ni ce matsoraciya. Ka yi min alkawari."

Na yi mata. Na riƙe shi har zuwa makon jiya, da na ce mata zan rubuta wannan babi, ta ce in rubuta mana, ai yanzu jikoki ma riƙe min hannun suke yi in za mu tsallaka. Ga shi na rubuta. Makullin da hannuna na ajiye shi, ba wanda ya karɓa. Tana ɗaki yanzu tana lazimi, ƙofar a buɗe take. In kun gama karantawa ku shiga ku same ta.